Majuyin Anga

Malam Hambali bai taɓa yarda da ruwan da ba a ganin ƙasansa ba, bai kuma yarda da surukin da ya cika fara'a ba. Sai ga shi Allah ya haɗa masa su biyun a wuri guda, wata Asabar ta farkon Oktoba, a kan gadar katako ta wata tashar ƙananan jiragen ruwa da ke City Island.

Shi mutumin Maraɗi ne, ɗan gidan maƙera, kuma tun da ya zo New York walda yake yi a wani shago a Hunts Point, yana ƙera ƙofofi da ƙarafan taga. Surukin kuwa Yussif ne, ɗan Zangon Kumasi, ma'aikacin jirgin fito. Shi ya auri Safiatou, 'yar farin Hambali, mai aikin jinya a asibiti. Bayan guguwar Sandy ta yi wa jiragen gaɓar nan kaca-kaca, Yussif ya sami wani jirgi mai tafiya da iska an yasar da shi, ya saya, ya yi ta lallaɓa shi shekara da shekaru har ya tashi. Hambali bai taɓa taka shi ba. In an kawo zancen jirgin a gida sai ya ce wasan yara ne, ya ƙara ƙarar talabijin.

Ranar ma ba don ra'ayin kansa ya zo ba. Matarsa Zalika ce ta kawo saƙo cewa yaran suna da wani ƙarfe da suke so ya duba musu. Haka saƙo yake tafiya a gidan. Safiatou 'yar fari ce, kuma Hambali yana cikin mutanen da suka ƙetare teku da kunyar ɗan fari a ƙunshe, ko kaɗan ba ta zube a hanya ba. Zalika ta yar da tata tun yarinyar tana goye, don a Bronx babu kakar da za a miƙa wa. Shi kuwa har yau bai taɓa kiran sunanta ba. In zai yi zancenta sai ya ce "waccan", in ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango. Ƙannenta suna hawa kansa, su tsince masa nama a kwano, amma ita da yake so fiye da su duka, ko tambayarta lafiyar jikinta ba ya iya yi sai ta bakin uwarta. 'Yan'uwa a Parkchester suna masa dariya, su ce Malam, nan fa Amurka ce. Shi ko a jikinsa.

Yussif ya tarye shi da murmushin nan nasa da ba ya ƙarewa, ya riƙe masa hannu ya hau. Jirgin ya yi ɗan lilo, Hambali ya dafe igiya yana salati a ciki don kada a ji. Suka lallaba zuwa goshin jirgin, inda anga take a kwance, wato ƙaton ƙarfen da ake sakawa ƙasan ruwa ya kama laka, ya riƙe jirgi in an tsaya.

"Baba, ga shi nan," in ji Yussif, yana nuna wani ƙarfe kamar dunƙulen hannu tsakanin sarƙa da anga. "Wannan swivel ɗin muke so mu change. Ya tsufa paa."

Hambali bai buƙaci a yi masa bayani ba. Majuyi ne, aikinsa ya bar anga ta juya ba tare da sarƙa ta murɗe ba. Ya durƙusa, ya goge gishirin da ya bushe a jikinsa, ya bi shi da babban yatsa. An ɗaura shi kai tsaye a wuyan anga, don haka duk sanda iska ta juya jirgi, ta gefe ake fizgarsa. Bakinsa ya buɗe, ƙusar da ke tsakiya ta ɗan lanƙwashe. A gindin bakin kuma, inda sai mai neman aibu zai duba, akwai wata tsaga siririya kamar gashi. Wannan ƙarfe ya gama aikinsa a duniya, iska ɗaya mai ƙarfi yake jira.

Har ya buɗe baki zai faɗa, sai Yussif ya miƙo masa sabon. Nauyinsa ne ya fara ba shi tsoro. Ya auna shi a tafin hannu, ya dubi sarƙar, ita ma sabuwa ce fil, an tula ta a rami har ta cika shi. Abin da ya sani, yaran nan ran Lahadi suke fita, su zaga bayan tsibirin, su dawo kafin magariba su ɗaure jirgi a jikin gada. Mai irin wannan yawo ba ya buƙatar ƙarfen da zai riƙe babbar mota.

"Ina za ku da wanga?" ya tambaya.

"Ba ko'ina, Baba. Safety ne kawai." Yussif ya yi dariya, amma dariyar ta zo da wuri.

Daidai nan Safiatou ta leƙo daga ɗakin da ke cikin jirgin, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon ruwa, sai dai idon da ke kauce wa fuska yana ganin abin da ke bayanta sarai. Ya ga buhun shinkafa, ya ga gwangwanaye an jera an ɗaure da igiya, ga kwalaben shito, soyayyen yajin nan na mutanen Yussif, ga jarkokin ruwa. A can baya kuma an kafa faya-fayan lantarki na hasken rana sababbi. Nan take gabansa ya faɗi. Ya sha jinin jikinsa cewa tafiya ake shirin yi, mai nisa, kuma kowa ya sani sai shi.

Da wani uban ne da sai ya tambaya kawai. Hambali ba zai iya ba, sai ya ɗana tarko. Ya ce a ransa bari ya yabi tsohon ƙarfen, in suka nace sai an canza, to zarginsa ya tabbata.

"Tsohon ga ba abin da ya same shi," ya ce, yana buga shi da yatsa. "Ƙarhen da ne, ya hi na yanzu ƙwari."

"Amma Baba, bakin ya buɗe small," in ji Yussif.

"Haka aka ƙera shi."

Yussif ya juya ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Kallon bai daɗe ba, amma ya ishi Hambali. Ya zura sabon majuyin a aljihun jaket ɗinsa, ya ce tunda dai sun riga sun saya, ƙusarsa ba ta yi daidai da ramin anga ba, sai ya tafi da shi shago ya gyara. Wannan ma ba gaskiya ba ce. Lissafinsa shi ne, Yussif ya ga bakin ƙarfen ya buɗe da idonsa, kuma ma'aikacin jirgi ba zai shiga teku da shi haka ba. Muddin sabon yana hannunsa, jirgin yana ɗaure. Ya sauka yana jin kansa mai wayo, ya hau bas ya koma.

Daga ranar gidan Hambali ya zama gidan leƙen asiri. Ya sa wa Zalika ido, kuma bai sha wahala ba, don ita ba ta iya ɓoye abu ba, ta dai iya ƙin faɗa. In ya shigo tana waya sai ta ce "to, sai an jima" ta ajiye. Tukwanen furen da ya saba gani a tagar Safiatou suka bayyana a tagarsu. Wata ranar ya dawo aiki ya iske ɗakin girki ya turnuƙe da ƙamshin dambun nama, an cika robobi, ga yaji an daka an ɗura a kwalabe.

"Wa za ya Makka?" ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Sai za a Makka ake dambu?" in ji Zalika, ba ta ko juyo ba.

"Na ga ya yi yawa ne."

"To ka ci ka rage shi."

Ya tsaya yana kallon bayanta. Shekarunsu tare sun fi ƙarfin a ce bai san wuyanta in tana riƙe da magana ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san in ya ce mata "ki gaya mini gaskiya" za ta gaya masa. Amma in ta faɗa, magana ta fito fili, dole ya ce ya yarda ko bai yarda ba. Bai yarda ba kuwa, kuma ba shi da bakin hanawa, tunda matar aure ce a ƙarƙashin mijinta. Gara a bar shi da zarginsa da ƙarfensa.

A shago ya bi ta bayan gida ya tambayi wani abokin aikinsa ɗan Puerto Rico, wanda ya san harkar ruwa. Ya ce wai wani maƙwabcinsa ne ke tara abinci a jirgi, ko me hakan ke nufi? Mutumin ya ce ai lokacin ke nan. Duk shekara a watan nan masu irin jiragen suke gangarawa kudu kafin sanyi ya kama, su bi gaɓa har tsibiran Karibiyan. Wasu su dawo da bazara, wasu su ji daɗin wurin su shekara biyu ko uku, wasu ma sai dai hoto. Wanda bai tashi ba kafin tsakiyar Nuwamba kuwa ya haƙura sai baɗi. Hambali ya yi godiya, ya sauke gilashin walda a fuskarsa. Ashe ma aikin mai sauƙi ne, 'yan makonni kawai zai ja.

Sai ya shiga ja. Yussif ya kira, ya ce masa injin huda ƙarfe ya lalace. Ya sake kira, ya ce aiki ya yi yawa a shago. Ya kuma kira, ya bar wayar tana ruri a aljihu. Abin dariyar shi ne hannun maƙeri ba ya iya zama kusa da ƙarfe ya ƙyale shi. Lokacin hutun cin abinci sai ya fiddo majuyin ya yi ta juya shi. Ya yanko 'yan zobban sarƙa masu kauri da za su shiga tsakaninsa da wuyan anga, don kada a sake fizgarsa ta gefe. Ya nemo maɗaurai masu kyau, ya tanadi wayar da za a ɗaure ƙusoshinsu don kada su warware a ruwa. Ya gama aiki tsaf, irin wanda ba ya yi wa masu biya, ya naɗe a tsumma ya kulle a akwatin kayan aikinsa.

Can sai kiran Yussif ya ɗauke. Hambali ya ce a ransa yaro ya gaji, ya gane da wa yake yi.

Ran Lahadi da la'asar suka zo gidan su biyu. Aka ci tuwo, Yussif ya yi ta ba ƙannen matarsa dariya, bai ko ambaci ƙarfe ba. Da za su tafi Safiatou ta zo ta durƙusa kusa da kujerar ubanta, ta daɗe fiye da yadda ta saba.

"Baba, a yi mana addu'a," ta ce.

Ya ɗauka sabuwar dabara ce ta roƙon majuyin, an turo ta don an san ba ya iya yi mata musu. Ya ƙara tsare talabijin da ido.

"Allah shi yi albarka, shi tsare."

"Amin, Baba. Na gode." Muryarta ta ɗan yi rawa.

Zalika tana bakin ɗakin girki tana goge ido da gefen mayafi. Ya harare ta, ta ce yaji ne. Ya yarda da hakan don ya fi masa sauƙi.

Ran Laraba da safe yana shan shayi, rediyo yana faɗin iska mai ƙarfi za ta taso daga yamma ta kwana tana yi. Ya tashi ɗauko sukari, sai ya ga kantar da aka jera robobin dambu wayam. Ya buɗe firji, babu. Ya duba saman kabad, babu kwalbar yaji ko ɗaya. Zalika ta riga ta fita kai ƙaramar 'yarsu makaranta. Bai ƙarasa shayin ba. Ya bi ta shago ya ɗauki ƙunshin tsumman, ya ce wa mai shagon ba shi da lafiya, ya hau jirgin ƙasa mai lamba shida zuwa Pelham Bay, daga nan ya kama bas. Duk tsawon hanya yana gaya wa kansa cewa kayan kawai aka kai, ba za su tashi ba, ai ƙarfen yana kan cinyarsa.

Gurbin jirgin babu kowa. Ruwa ne kawai yake bugun katako, da wata tsohuwar taya da aka rataya a jikin gada. Ya tsaya yana kallon wurin kamar zai iya yin kuskuren gurbi. Wani dattijon Bature mai kula da tashar ya fito daga rumfarsa, ya gane shi, ya ce ai sun tashi tun da sassafe don su bi ruwa yana janyewa. Yanzu sun wuce Manhattan. Ya ce yara ne masu hankali, ba za su fita teku cikin wannan iska ba, za su saki anga a Sandy Hook, can bakin teku, su kwana biyu a kanta har ta lafa.

"A kan anga," in ji Hambali da Turancinsa na shago.

"A kan anga mana. Na tambayi yaron ko ya canza ƙarfen nan. Ya ce ya so ya sayi wani, matarsa ta hana. Wai ubanta ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma ita a kan ƙarfe ba ta jin maganar kowa bayan tasa."

Dattijon ya faɗa ne don ya faranta masa. Hambali ya zauna a kan wani akwatin katako. Ya yi lissafin wayon Yussif, da na Zalika, da na kowa, bai taɓa sa yardar da 'yarsa ta yi masa a cikin lissafin ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ga kunya a kai.

Ya kira Zalika. Tana ɗauka ya ce, "Sun tahi."

"Sun tahi," ta ce a hankali.

"Kuma ba wanda ya hwaɗa mini."

"Malam, mi ya rage ban yi ba? Dambu a gabanka na yi shi. Ɗiyar ta ce in gaya maka, na ga ba ka son ji, na ce mata ka sani. Ka tahi da ƙahwarka ka duba musu anga, ta zo ta durƙusa ka sa mata albarka. Ita ta ɗauka izini ne. Ranar tashi kuwa, yaushe aka taɓa hwaɗinta a gidanmu?"

Gaskiya ta faɗa, ya kuma sani.

"Turo mini lambarta," ya ce.

"Lambar wa?"

"Kin san ko wa."

Lambar ta shigo. Ya daɗe yana kallonta a fuskar waya, iska tana kaɗa masa hula. Sannan ya danna. Ta yi ruri har ya fara fatan kada a ɗauka, sai ya ji ƙarar inji da iska, da muryarta a sama-sama.

"Baba?" ta ce. "Baba, wa ya rasu?"

Tambayar ta soke shi. Tun da aka haife ta bai taɓa kiranta a waya ba, dole ta zaci mutuwa aka yi.

"Ba wanda ya rasu. Kowa lahiya." Ya damƙe ƙunshin tsumman. "Ƙarhen ga na anga. Ba gaskiya na hwaɗa muku ba. Ya tsage a gindi, ba ya riƙe ku cikin iskar ga. Kada ku saki angar."

Ya ji ta tana yi wa Yussif magana da Turanci, ƙarar injin ta ragu.

"Ka gani tun ran nan?" ta tambaya.

"Na gani."

"Sabon fa?"

"Shina hannuna. Na gama shi tuntuni."

Ya san ta gane komai, don ba ta taɓa zama mai wauta ba. Ya jira faɗa, ya ma fi son faɗan. Da ta yi magana sai muryar ta fito ƙasa-ƙasa, kamar lokacin da take ƙarama.

"Baba, so kake mu dawo? In ka ce mu dawo, za mu juya yanzu."

Ga abin da ya kwashe makonni yana nema, an miƙo masa a hannu. Kalma ɗaya zai faɗa, ya san kuwa za ta juya, ta koma asibitinta, ta ci gaba da zuwa ran Lahadi tana durƙusawa yana kallon bango, ba za ta taɓa tayar da maganar ba. Yana so ta dawo, so mai tsanani. Ya dubi gurbin da babu kowa, ya goge fuska da bayan hannu.

"A'a," ya ce. "Ku samu gada ku ɗaure. Hwaɗa mini inda zan iske ku, in zo in sa muku shi da hannuna."

Ta fara kwatanta masa, tana kuka tana faɗin sunan tashar da jirgin fiton da zai hau daga Wall Street. Bai iya riƙe sunayen ba, ya ce ta maimaita a hankali. Ta maimaita, ya bi ta yana faɗa har ya zauna masa. Sannan ya tashi ya nufi tashar bas da sauri, don ya isa kafin iskar ta taso.